Tafiyar Dajin Mole: a cikin daji za mu kwana ko a Larabanga?

Abdul-Mumin (Sakatare): Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu. Kamar yadda aka tsayar a zaman ranar Lahadi, fitar bana Dajin Mole za mu yi, gandun namun dajin nan na arewacin Ghana. Masu niyya sun kusa cika bas guda, har da yara. Abin da ya hana mu rufe lissafi shi ne wurin kwana. Akwai masauki a cikin dajin kansa, akwai ƙananan gidajen baƙi a Larabanga bakin ƙofa, akwai kuma Damongo da ke ɗan nesa. Kowa ya faɗi ra'ayinsa a nan, don Hajiya Ma'aji ta san nawa za ta yanka wa kowane kai. Don Allah ban da sautin murya mai tsawo, a rubuta.

Alhaji Tanko Mai Goro: Wa alaikumus salam. Ni tambayata guda ce, wa ya ce sai an kwana? Giwa ce fa. A tashi daga unguwar Aboabo nan Kumasi bayan isha'i, a isa da asuba, mu kalle ta, ta kalle mu, a juyo gida. In dabbobi ake so yara su gani, ga gidan zoo nan kusa da kasuwar Kejetia, da ƙafa ma sai a je.

Master Issaka: Alhaji, da girmanka, ni ba zan ɗebi mata da yara in bi hanyar nan da dare ba. Daga Techiman zuwa Kintampo zuwa Buipe, dare na manyan motocin Burkina da Mali ne. Wata ta lalace a tsakiyar titi, ba fitila, sai ganye aka zuba a bayanta. Kuma direban da ya kwana yana tuƙi, ka ce ya juyo da la'asar? Ni ma ɗan mutum ne. Da rana za mu tafi, da rana za mu dawo. Wanda bai yarda ba ya nemi wani direba.

Alhaji Tanko Mai Goro: Issaka, ina bin hanyar nan tun kana goye. A kan buhunan goro muke kwana har Tamale.

Master Issaka: Shi ya sa gwiwarka take ba ka labari yanzu, Alhaji.

Hajiya Fati (Ma'aji): Ku bar wannan. Kwana dai za a yi, har biyu ma. Ni Larabanga na zaɓa, kuma dalilina aljihu ne. Cikinmu akwai mai sayar da koko, akwai mai ɗinki, akwai wadda za ta biya wa 'ya'ya uku. Ɗakin cikin daji ba tsaran na gari ba ne wajen kuɗi, abincinsa ma haka. A Larabanga garin Musulmi ne kaf, za mu samu inda za mu ɗora tukunyarmu, mu yi sallah a jam'i, da safe mu shiga daji mu fito. Tsakanin garin da ƙofar dajin 'yan kilomitoci ne kawai.

Zuwera: Mma Hajiya, ki yi mini haƙuri in ɗan tsawaita, don a Damongo na yi hidimar ƙasa, na san wurin.

Abin da mutane ba sa ganewa kafin su je shi ne, ba wai ana shiga daji a tarar da giwa a tsaye tana jiran baƙi ba ne. Dajin ya haura murabba'in kilomita 4,500, shi ne mafi girma a Ghana, ba shinge, ba keji. Inda sa'ar take shi ne masaukin Mole Motel, saboda a kan tudu aka gina shi, a bakin gangare, a ƙasansa kuma ga tafkunan ruwa. Da rani, idan rafukan cikin daji sun ƙafe, dabbobi nan suke zuwa. Kana zaune a saman tudun da kofin shayinka, kana hango giwaye sun shigo ruwa har kai ya nutse, hanci kawai a sama. Idan sun fito sai ka gan su baƙi ƙirin, su koma gefe su riƙa watsa wa jikinsu ƙasa har su koma launin turɓayar wurin. Wannan kallon ba a biya masa ko sisi, kuma ba ya da lokaci. Yana iya zuwa da hantsi, yana iya zuwa kana shirin alwalar azahar.

Wanda ya kwana a waje, fita ɗaya ko biyu zai yi da ma'aikacin daji, awa biyu kowace, in Allah ya sa giwa ta yi nisa a ranar, shi ke nan, ya dawo Kumasi da hoton kashinta. Wanda ya kwana a ciki, yininsa duka kallo ne. Mariya tana kiwo a bayan ɗaki, mazo yana leƙowa daga cikin ciyawa, gadu yana durƙushe a kan gwiwoyinsa na gaba yana cin ciyawa a bakin baranda. Ga kuma fitar safe, wajen ƙarfe 7 ake taruwa a ofishin masu rakiya. Ki tuna yadda muke, Mma. Mutum talatin da yara, a ce an yi wanka, an karya, an shiga bas, an tsaya a ƙofa an biya, an iso kafin bakwai? Ranar walimar gidan Kawu ƙarfe nawa muka ce, ƙarfe nawa muka tashi?

Hajiya Fati (Ma'aji): Kin fara tonon asiri ke nan.

Nura Ɗan Bauchi: Maganar Zuwera haka take, ko a Yankari tamu a ciki ake kwana. Sai dai mu muna da Wikki, ruwan ɗumi mai fitowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa. Ku Mole me kuke da shi da za a yi iyo?

Zuwera: Tafkin kadoji, Malam Nura. Bismillah.

Ustaz Hamza: Assalamu alaikum. Tunda an ambaci iyo, bari in faɗi abin da ke raina, kada a je a dawo ana cewa Ustaz bai yi magana ba. Masaukin da ake yabo ɗin nan, akwai wurin iyo a tsakiyarsa, daidai inda ake zama a hangi giwayen. Turawa ne a kwance da kayan wankansu, ga wurin sayar da giya a gefe. Za mu ɗebi 'yan matanmu da samarinmu mu zaunar da su a nan kwana biyu? Fita yawon ganin halittar Allah abu ne mai kyau, Alƙur'ani ma ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Amma ba a ce a je a duba komai ba. Ina bayan Hajiya.

Baba Gariba (Nima): Ustaz, yaran nan da ke wucewa ta Adum, tsakiyar birnin Kumasi, kullum, ga waya a hannunsu dare da rana, Baturiyar Mole ce za ta lalata su? Mu nan Akra in muka kai yara bakin teku me muke yi? Sai mu ja gefe mu shimfiɗa tabarmarmu. Bakin tudun nan yana da tsawo, ba dole sai an zauna a gindin ruwan iyo ba.

Ustaz Hamza: Baba, abin da yaro ya gani a hanya daban, abin da ubansa ya biya kuɗi ya kai shi daban.

Malam Sani: Dukanku kuna da gaskiya a wani gefe. Ni abin da ya ja ni Larabanga ba gudun Turawa ba ne, masallacin ne. Kunya ce a ce Bature ya taso daga Jamus ya zo ya ɗauki hotonsa, mu da muke sallah ba mu taɓa sa goshi a cikinsa ba. Ginin ƙasa ne irin na Sudan ta yamma, dangin na Timbuktu da Jenne, fari fat, da itatuwa sun fito daga jikin bango, a kansu ake takawa idan za a yi yaɓe. Mutanen garin suna cewa a 1421 aka kafa shi. Labarin da suke bayarwa shi ne wani fatake mai suna Ayuba ya kwana a wurin, ya yi mafarki an umarce shi da gina masallaci, ya farka ya tarar da harsashi a shimfiɗe. Akwai tsohuwar kuka a jikinsa, suna cewa a gindinta aka binne shi. Ƙofofinsa gajeru ne, sai ka sunkuya. Wanda ba Musulmi ba daga waje yake tsayawa, mu kuwa za mu shiga. Ku duba fa, wannan wuri guda ne a tafiyar da mu ne muka fi kowa gata.

Wani abin lura kuma, a shekarun 1970 an shafe shi da siminti da nufin ƙarfafa shi, sai simintin ya riƙe danshi a ciki, gara ta shiga itatuwan, gini ya fara lalacewa. Bayan shekara ta 2002 aka kankare simintin aka koma yaɓen ƙasa irin na kakanni. Masu rushe tsofaffin masallatan zango su zuba tayil, su je su gani.

Ustaz Hamza: Masallaci na yarda, Malam. Amma a gaya wa yara tun daga gida: dutsen nan da ake kai baƙi a bakin gari, wanda aka ce masu aikin hanya sun kawar da shi da safe suka tarar ya dawo, har dole aka karkata titi, ba mai shafa shi don neman tabarraki. Dutse dutse ne.

Malam Sani: Ba wanda ya ce a shafa. A je a ji tarihi a wuce. Kada mu mayar da zancen giwa ya zama wancan tsohon zancen namu, Ustaz, an san inda yake ƙarewa.

Abdul-Mumin (Sakatare): Na gode Malam. A tsaya a kan wurin kwana.

Baba Gariba (Nima): To bari in ba ku abin da ba a faɗa ba game da kwanan ciki. Gwaggon biri. Suna nan birjik a kewayen ɗakuna, suna zazzaune suna auna kowane baƙo kamar 'yan kamasho a tashar Krofrom, sun san wanda ya zo da kaya. Sun iya murɗa hannun ƙofa. Lokacin da muka je da iyali, uwargida ta fita shanya ɗankwali ta bar ƙofa a sakaye, kafin ta juyo wani ƙato ya shige ya rungumo burodi da gwangwanin madara ya fito ta gabanta, ko sauri bai yi ba. Ta ɗaga takalmi, ya buɗe mata haƙora, ta ajiye takalmin. Ku da za ku zo da kulolin waakye (shinkafa da wake) da soyayyen nama, ku san da wa za ku raba.

Hajiya Fati (Ma'aji): Kun ji ko? Ni da zan kwana ina suyar kaji.

Zuwera: A kulle ƙofa da makulli, kada a ci abinci a waje, kada yaro ya riƙe leda a hannu, shi ke nan. Kuma kada kowa ya ba su komai, masu ba su ne suka koya musu wannan rashin kunyar.

Amma Mma Hajiya, akwai hujjar da ta fi ta aljihu da ya kamata ki kawo, bari in kawo miki ita ko da za ta karya tawa. Dajin nan ba haka aka same shi ba kowa ba. A 1958 aka keɓe shi, a 1971 ya zama gandun daji na ƙasa, kuma akwai ƙauyukan da aka tasa daga ciki. Mutanen da ke kewaye, kakanninsu a nan suke farauta, a nan suke ɗiban zuma da kaɗanya. Yau in an kama mutum da bindiga a ciki, kotu ce. Ita kuwa giwa ba ta san iyaka ba, ta fito ta shiga gonar rogo ko masara ta gama da ita a dare ɗaya. To in baƙi suka riƙa wucewa ta gabansu a mota, su kwana a ciki, su ci a ciki, su fita, me mutumin Larabanga ya samu? Me zai hana shi ɗana tarko, ko ya sare madobiya ya sayar wa masu fitar da katako, ko ya ƙona gawayi? Buhunan gawayin da za ku gani jere a bakin titi tun daga Kintampo har Damongo, daga wani wuri suke fitowa, kuma mu ne nan Kumasi muke saye. Kuɗin da za mu kashe a garin yana cikin abin da ke sa su ga amfanin giwa tana raye.

Alhaji Tanko Mai Goro: Yarinyar nan lauya ya kamata ta zama. Ta yi wa ɓangare biyu shari'a ta ci duka.

Rabi Nas: Ni ba ruwana da inda za a kwana, aikina ku dawo lafiya. Akwai ƙudan tsando a dajin, cizonsa da zafi, yana huda yadi marar kauri. Baƙin kaya da shuɗi mai duhu suna jawo shi, don haka masu baƙar abaya a nemi ruwan ƙasa ko ruwan toka a ranar shiga daji. Dogon wando, riga mai dogon hannu. Takalmi rufaffe dole ne ga mai fita da ƙafa, ba za su bar ka da silifa ba. Alhaji, da kai nake. A zo da gidan sauro in a gari za a kwana. Ruwan sha ya fi abin da kuke zato, zafin can ba irin na Kumasi ba ne, yana busar da mutum bai sani ba. Da asuba kuma in hunturu ne sanyi har ƙashi, a sa wa yara rigar sanyi, a shafa musu man kaɗe a leɓe da ƙafa. Masu hawan jini da sukari kowa ya riƙo maganinsa a jakar hannu, ba a cikin but ba.

Alhaji Tanko Mai Goro: Ni da kambas? Sai dai a ɗauke ni hoto a kai wa jikoki su yi dariya.

Rabi Nas: To ka hau mota. Akwai motocin shiga daji masu kujeru a sama, su ne na tsofaffi da ƙananan yara. Sun fi zuwa nesa ma.

Amina Asawase: Yaya Zuwera, tsakani da Allah, fita da ƙafa ɗin nan ba ganganci ba ne? Mutum da giwa ba komai a tsakani? Ni ina da goyo, kuma gabana faɗuwa yake tun da aka fara zancen. Zaki fa?

Zuwera: Mai goyo mota za ta hau, Amina, wannan ba muhawara. Jariri in ya tsala kuka a kusa da giwa ba wanda zai ji daɗi. Amma ga manya, fita da ƙafa ita ce Mole. Ma'aikacin daji yana gaba da bindiga, ku kuna biye a layi, ba hayaniya. Shi yake karanta sawu, ya taɓa kashi ya ce wannan na daren jiya ne, ya duba reshen da aka karya, ya duba inda iska take kaɗawa don kada ta kai mata warinku. Giwa ba ta da kaifin gani sosai, hanci da kunne ne ƙarfinta. In ya ce tsaya, a tsaya. In ya ce a ja baya, a ja a hankali, ba gudu. Idan ta buɗe kunnuwa ta ɗaga kai tana girgiza shi, gargaɗi take yi, an matso da yawa. Masu jawo matsala su ne masu son juya mata baya su ɗauki hoton kansu da ita. Uwa mai ɗa kuwa ba a wasa da ita ko kaɗan, wata 22 take ɗauke da cikinsa.

Zaki kada ki sa shi a rai, ko don tsoro ko don kallo. Yana cikin jerin dabbobin da ake rubutawa, amma an daɗe rabon da baƙo ya ce ya gan shi. Damisa da kura na dare ne. Abin da za ku gani tabbas: mariya, mazo, gwambaza, gadu, birai, da kadoji a bakin ruwa. Ɓauna da gwanki da kanki sai an shiga can ciki da mota, kuma sai da rabo. Tsuntsaye kuwa sun haura iri 300. Yaran da suka san burtu a tatsuniya kawai, wataƙila su gan shi yana takawa a ƙasa.

Ustaz Hamza: Gadun nan da ke yawo a bakin ɗaki, a hana yara taɓa shi. Alade ne, na daji ko na gida.

Baba Gariba (Nima): Ustaz, in ka ga haurensa ba sai ka yi wa kowa wa'azi ba.

Nura Ɗan Bauchi: Wata tambaya. An ce kuɗin shiga na ɗan ƙasa daban, na baƙo daban. Ni da Ɗan Tawa yaya za a yi da mu?

Abdul-Mumin (Sakatare): Haka ne, ɗan Ghana ya fi sauƙi, ɗalibai da yara kuma sun fi kowa. Ku biyun za ku biya na baƙi, ƙungiya ta cika muku bambancin in an yarda. Sauran kowa ya zo da Ghana Card ɗinsa, 'yan makaranta da katin makaranta.

Alhaji Tanko Mai Goro: Wannan ita ce maganar da ke ɓata mini rai. Kakana a Kumasi aka haife shi, a Tafo aka binne shi. Amma duk shingen da aka tsayar da mota, da an ji Hausa a bakina ko an ga hulata, sai a ce sauko, ina katinka, daga ina ka shigo. Na kusa da ni mai suna Kwame ba a ko kalle shi ba. Yanzu giwa ma sai na nuna mata kati?

Malam Sani: Haƙuri Alhaji, ciwon duk ɗan zango ne. Amma a ƙofar dajin kowa ake tambaya, don farashi ne. Kuma ni a ganina wannan ma dalili ne na zuwa. Sau nawa motocinmu suka wuce mararrabar Fufulso da goro da doya da shanu, ba wanda ya taɓa karyawa hagu ya ga abin da ke can? Wurin namu ne kamar yadda yake na kowa. In ba ma zuwa, mu muka bar wa wasu.

Master Issaka: Kuma yanzu ba uzurin hanya. Da can daga Fufulso zuwa Damongo jar ƙasa ce mai gargada, kafin ka isa kowa ya koma ja, haƙora na karo. Tun 2015 aka gama kwaltar Fufulso zuwa Sawla, kilomita 147. Ga tsarina: a yi sallar asuba a masallacin unguwa, a tashi. Karin kumallo a Techiman. A ɗan miƙe ƙafa a Kintampo. Buipe a tsallake gadar Baƙin Volta, mai son soyayyen kifi ya saya ta taga. Azahar da la'asar a haɗa a hanya ko a Damongo, Malam zai faɗi hukunci. In Allah ya yarda muna Larabanga rana na da sauran tsayi.

Amina Asawase: A Kintampo za a shiga wurin ruwan nan mai zubowa?

Master Issaka: A dawowa in akwai lokaci. In aka shiga da tafiya, yara ba za su fito ba sai la'asar.

Rabi Nas: In za a shiga ma a duba sama tukuna. Ba mu manta 2017 ba, da iska ta kayar da itace a kan 'yan makaranta a wurin. In hadari ya haɗo ba mai sauka.

Sulley: Damongo fa garin haihuwar Shugaba Mahama ne, ku lura da wanda ya yi muku titin 😄

Abdul-Mumin (Sakatare): Sulley, doka ta uku. Siyasa a kai ta wancan zauren. Na gaba sharewa zan yi.

Hajiya Fati (Ma'aji): Damongo dai a cire ta daga lissafi. Babban birnin yankin Savannah ce tun 2019, akwai masaukai da asibiti da wurin cire kuɗi, amma ta yi nisa da ƙofa, ba giwa ba masallacin tarihi. Mu tsaya can mu sayi ruwa da ƙanƙara kawai. Kuma kowa ya riƙe takardar kuɗi a hannu, kada a dogara da MoMo, wato kuɗin cikin waya, sabis na iya ɗaukewa.

Na saurari kowa. Ga abin da nake gani. Daren farko Larabanga, mu isa mu yi magariba a tsohon masallaci, mu gaida liman da masu gari kamar yadda ya dace, mu ci tuwonmu mu kwanta. Da safe a shiga daji. Dare na biyu wanda yake da hali ya kwana a ciki ya biya bambancin da kansa, wanda ba shi da shi bas ta mayar da shi gari.

Zuwera: Mma, nan ne ban yarda ba. A ce 'ya'yan masu hali sun kwana suna kallon giwa, 'ya'yan mai koko an kwashe su an mayar gari? Yara suna lura da irin wannan fiye da mu. Ko duka a ciki, ko duka a waje. Akwai ɗakunan kwanan jama'a masu gadaje da yawa, irin waɗanda 'yan makaranta ke sauka, sun fi sauƙi. Mata da yara su ɗauki wannan, maza su matsu a ɗaki biyu. Ba Zaina Lodge muka ce ba, wancan masaukin na masu dala ne.

Baba Gariba (Nima): Kuɗin kwanan yaran duka na dare na biyu, a rubuta a kaina. Ni ta jirgi zan zo Tamale in same ku a can, bayana ba zai ɗauki zaman bas daga Akra ba.

Hajiya Fati (Ma'aji): Allah ya saka da alheri Baba, ya ƙara buɗi. Na rubuta, kuma na ɗauki hoton saƙon.

Ustaz Hamza: Allah ya karɓa. Ni dai matsayina bai canza ba, ni da iyalina Larabanga za mu kwana dare biyun. Da rana muna tare da ku a daji. Wanda yake so ya ba ni 'ya'yansa mata su kwana wurin matata, ƙofa a buɗe take.

Malam Sani: Ba laifi, kowa da inda zuciyarsa ta natsu. Sai dai Master zai yi zirga-zirga.

Master Issaka: Kafin duhu zan kai su, ba na fita ƙofar dajin nan da dare. Da safe Ustaz ya nemi okada.

Amina Asawase: Yaushe ne tafiyar ma? Hutun Disamba?

Zuwera: In don giwa ne, Fabrairu zuwa Maris ya fi, lokacin ruwa ya ƙafe ko'ina, ciyawa ta kwanta, ana hango nesa. Amma zafi ne na gaske, ga makaranta a buɗe. Ƙarshen Disamba ma ana gani, sai dai cunkoso, ɗakuna na ƙarewa da wuri. In Disamba ce, Sakatare ya kira su a makon nan, ba mako mai zuwa ba. In an samu sarari a rana ta biyu a leƙa Mognori, ƙauye ne a gefen dajin, ana shiga kwalekwale a kogin Mole, mata kuma su ga yadda ake man kaɗe tun daga ƙwara.

Hajiya Fati (Ma'aji): Man kaɗe za a koya mini? Ki bar Mognori tukuna, mu ga abin da ya rage a asusu.

Alhaji Tanko Mai Goro: Sakatare, sa sunana. Kujerar gaba, kusa da Issaka, in riƙa nuna masa hanya. Rabi, lamba 44 nake sawa, ki gaya wa yaron nan Sulley ya duba mini kambas ɗin a Kejetia, amma ba mai ja ba.

Abdul-Mumin (Sakatare): An sa, Alhaji. Mutum 31 ke nan da yara. Na buɗe ƙuri'a a sama, Disamba ko Fabrairu, za a rufe ranar Alhamis bayan isha'i. Gobe zan kira masaukin in ji yawan gadajen da suka rage. Wanda bai biya kuɗin watan jiya ba ya ga Hajiya kafin ya danna ƙuri'a.